Ƙanwata ta gama sakandare, garinmu kuma ba makarantar gaba, ya za mu yi?

BabbanYaya:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nazo nema wajen waɗanda suka san kan harkar karatu don abun ya sha min kai.

Mu a ƙaramin gari muke zaune, akwai firamare akwai sakandare guda ɗaya, daga nan kuma shikenan, ba kwaleji ba foliteknik balle ayi maganar jami'a, wadda tafi kusa damu sai ka shafe awanni a mota kafin ka isa. Ƙanwata ta gama sakandare bana kuma alhamdulillah sakamakonta yayi kyau, ta ci Turanci da lissafi da Kemistiri da Bayoloji, Fiziks ne kawai ya bata matsala, shima ni banga laifinta ba saboda tunda suka shiga babbar sakandare makarantar bata da malamin Fiziks, malamin lissafi ne yake ɗan taɓa musu in ya samu sarari. Ita kuma tun tana ƙarama ba abinda take so irin aikin asibiti, ko nas ko harkar magunguna.

Mahaifinmu Allah ya masa rasuwa, ni ke riƙe da gidan kuma ba wani ƙarfi ne dani ba. Mama hankalinta bai kwanta da ace yarinyar ta tafi wani babban gari ita kaɗai inda bamu da kowa ba. Wani abokin aikina yace wai me zai sa mu wahalar da kanmu, yanzu ana yin digiri ta waya mutum na zaune a ɗakinsa. To shine nake tambaya, da gaske hakan zai yiwu a fannin da take so? Ko mu haƙura ta canza kos? Ko dai tafiyar ce dole?

Sannan akwai ƙaninmu da yake aji uku yanzu a makarantar dai, ina tsoron kar abinda ya samu yayarsa shima ya same shi. In ɗauke shi in kaishi makarantar kwana tun yanzu ne ko in barshi? Shi dai ba ma'abocin littafi bane sosai amma duk wani kayan wuta da ya lalace a gidan shi ke kwancewa ya gyara. Na gode, Allah ya saka da alheri.

MalaminKimiyya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma Allah ya dafa maka, ɗawainiyar ƙanne ba ƙaramin abu bane.

Ɗan'uwa ni a irin wannan makarantar nake koyarwa, don haka abinda ka faɗa akan Fiziks na sanshi sarai. Kafin ma a zo maganar ina zata tafi, Fiziks ɗin nan za'a fara gyarawa, domin yawancin makarantun jinya da na haɗa magunguna suna neman darussan kimiyya ukun nan duka tare da Turanci da lissafi, in ɗaya ya faɗi fom ɗinta ko dubawa baza ayi ba komai kyawun sauran. Ku yi mata rijistar sake zana jarrabawar a matsayin ɗaliba mai zaman kanta, kuma kar ku ɗauki hakan a matsayin ta yi asarar shekara, shekarar ce zata cike ramin da makarantar ta bar mata, in ba haka ba ko ta samu shiga zata sha wuya a zangon farko.

Abinda yake kayar da yaranmu na ƙananan garuruwa ba ƙwaƙwalwa bace wallahi, firaktikal ne. Yaro zai haddace yadda ake haɗa asid da alkali tsaf a kansa amma bai taɓa riƙe bututun gilashin da hannunsa ba, bai taɓa ganin yadda launin ruwan yake juyawa a ɗigo ɗaya ba, a allo kawai aka zana masa, ranar jarrabawa sai hannu ya kama rawa. Amma Fiziks tana da sauƙi ta wannan wajen, da yawa daga gwaje-gwajenta a tsakar gida ma ana iya yinsu. Misali ta samu zare ta auna mita ɗaya, ta ɗaura ƙaramin kwaɗon ƙofa ko dutse a ƙarshensa ta rataye a ƙusa, ta ɗan ja shi gefe kaɗan ta saki, ta kunna agogon waya ta ƙirga zuwa da dawowa sau 20. Zata ga ya ci wajen daƙiƙa 40, wato kowane zuwa da dawowa daƙiƙa 2 kenan, in ta saka a ƙa'idar dake littafinta zata fito da lamba kusa da 9.8, ƙarfin jan ƙasa kenan ta auno da hannunta. Sai ta rage tsawon zaren ta sake, ta rubuta a tebur ta zana giraf. Wannan gwajin yana cikin waɗanda ake yawan kawowa a jarrabawa, kuma yaran da na sa suka yi shi sun daina tsoron darasin.

Sauran da ba za'a iya a gida ba irin na wutar lantarki da na haske akwai PhET, shafin intanet ne da ake yin gwaje-gwajen kimiyya akan sikirin, na jami'ar Colorado Boulder ne a Amurka, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2001 shi ya fara shi a 2002, kyauta ne kuma ana iya sauke shi a waya ayi amfani dashi ko ba sabis. Zata haɗa batir da waya da ƙwan fitila akan sikirin ta ga yadda lambobin ke canzawa. Khan Academy, shafin darussa na intanet, shi ma kyauta ne. Amma duk da haka ku nemi malami na gaske ko sau ɗaya a sati ne, ko a garin dake kusa daku, wanda zai riƙa duba mata amsoshin tsofaffin tambayoyi, don waya bata cewa yaro nan ne ka kauce.

Maganar digiri ta waya kuma, a fannin da take so dai a'a. Ba'a koyon allura da ɗaura ruwa da karɓar haihuwa ta bidiyo, dole sai ta tsaya a ɗakin marasa lafiya ƙarƙashin wanda ya iya, kuma hukumar da ke bada lasisin aiki bazata bata ba sai da wannan.

Shi kuma ƙaramin kar ka yi gaggawar ɗauke shi. Ƙaramar makaranta tana da nata amfanin, malami ya san kowane yaro da sunansa da gidansu, in bai zo ba yau gobe ka ji labari. Ka je da kanka ka zauna da shugaban makarantar ka tambaye shi su waye zasu koyar da kimiyya a aji huɗu, in har yanzu ba kowa to sannan ka fara tunanin canji.

UwarBiyu:

Salam. Ni ta karatu daga nesa nayi digirina ina gidan aure da yara a garin da ko reshen kwaleji babu, don haka bari in ɗan yi bayani akan abinda abokin naka ya faɗa, akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba.

Shi karatu daga nesa ba sabon abu bane kamar yadda mutane suke ɗauka, ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Jami'ar Landan tun 1858 take barin mutane su zana jarrabawarta ba tare da sun zauna a cikinta ba. UNISA ta Afirka ta Kudu ta fara koyarwa ta wasiƙa a 1946, a nan ma Nelson Mandela ya ƙarasa digirinsa na lauya yana tsare a kurkuku. Ingila ta kafa Open University a 1969, Indiya ta kafa IGNOU a 1985, a Najeriya akwai NOUN wadda ta dawo aiki a 2002. Duk don irinmu aka yi su, waɗanda nisa ko aiki ko iyali ya hana zuwa su zauna a aji. Digirinsu digiri ne, ni da nawa na samu ƙarin girma a wajen aiki.

Amma Yaya ka sani ba wai a kwance ake yi ba. Ni sai yara sunyi barci nake buɗe littafi, wani lokacin sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura aikin da aka bamu ga lokaci na ƙurewa, sai na fita bakin titi inda yafi kamawa in tsaya riƙe da waya sama har ya tafi. Ba wanda zai tashe ki da safe, ba ƙawa a gefe da zaki ce mata ban gane nan ba, ba lakcara da zai ga fuskarki ya san kin ɓata. Da yawa daga waɗanda muka fara tare sun watsar a hanya, ba don basu da kai ba, kaɗaicin ne da rashin mai tsawatarwa. Kuma jarrabawa a yawancinsu sai kin je cibiyarsu, don haka tafiya tana nan, sai dai ta ragu zuwa ƙarshen zango. Shi yasa ni a ganina yafi dacewa da babban mutum da ya riga ya san me yake nema, yarinya 'yar sha bakwai sha takwas da ta fito sakandare jiya gara ta shiga cikin 'yan'uwanta ɗalibai in da hali.

Fannonin da suke tafiya lafiya ta wannan hanyar sune irinsu akanta, harkar mulki, koyarwa, kwamfuta, tattalin arziki. Jinya kuwa Malam ya faɗi gaskiya, inda zaka ga ana yinta daga nesa to ga waɗanda suka riga suka zama nas ne da lasisinsu suke son ɗorawa zuwa digiri. To kaga nan gaba zai mata amfani, in ta gama makarantar jinya ta dawo gida tana aiki sai ta ɗora ba sai ta sake barin gari ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, duk makarantar da zaku biya ko sisi, ta intanet ce ko ta gini, ka shiga shafin hukumar dake kula da manyan makarantu ta ƙasa ka ga sunanta a jerin, kuma ba sunan makarantar kaɗai ba har shi kansa kos ɗin, don makaranta tana iya zama da rijista amma wani kos nata ba'a amince dashi ba. Mu mutanen ƙananan garuruwa mu aka fi cuta da wannan, sai wasu su kama hayar gida su kafa allo suce reshen jami'a kaza ne, iyaye suyi murna karatu yazo har gida, a ƙarshe takardar ba inda zata shiga. Sannan a bambance, satifiket ɗin gajeren kos na shafukan intanet irin Coursera ko edX yana ƙara ilimi amma ba digiri bane. Akwai University of the People, jami'ar intanet da aka kafa a 2009, basa karɓar kuɗin koyarwa amma ana biyan kuɗin jarrabawar kowane darasi, kuma fannoninsu kaɗan ne, ba su horar da nas.

Nas_ta_karkara:

Yayana dan girman Allah ku barta ta tafi. Na karanta duk abinda aka rubuta kuma na yarda dasu amma ina jin tsoron kar a ƙare a ce ta canza kos saboda sauƙi, yarinyar da take son asibiti tun tana ƙarama ta kuma ci Kemistiri da Bayoloji a makarantar da ba lab, irinta ake nema.

Kuma ba sai babban birni ba fa, nan ne mutane suke kuskure, da ance karatu sai hankali ya tafi jami'a mai dubban ɗalibai. Makarantun jinya da ungozoma da kwalejojin kimiyyar lafiya da yawansu a matsakaitan garuruwa suke jikin babban asibiti, ɗalibai basu da yawa, yawanci akwai hostal a ciki da matiron da dokar fita da shiga, karatun jinya na farko a wurare da yawa shekara 3 ne. Haɗa magunguna in digirin take so yafi tsawo kuma sai jami'a, amma akwai difloma ta mataimakan masu haɗa magani a kwalejin lafiya wadda bata kai haka ba. Abun kamar tsani ne, ka taka na ƙasa da ƙafarka ta kai, sai dai ka tabbatar akwai na sama a jikinsa, wato ka tambaya tun kafin a sayi fom ko da wannan takardar ana iya ɗorawa zuwa digiri. Ko a Amurka haka da yawa daga yaran ƙananan garuruwa suke yi, shekara 2 a ƙaramar kwalejin yankinsu sannan su koma jami'a su ƙarasa sauran biyun.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, kasancewarta 'yar ƙaramin gari yana iya zama mata riba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2010 ta ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗaliban da suka taso a karkara a makarantun lafiya, ta sake jaddadawa a 2021, dalili kuwa shine an lura su ne suka fi komawa suyi aiki a can, ɗan birni in an turo shi wata nawa ne ya nemi canji. Saboda haka ku tambaya a ofishin lafiya da na ilimi na yankinku ko akwai gurbi ko tallafi da aka ware wa 'yan yankin, wani lokacin akwai sharaɗin in ka gama zaka dawo kayi musu aiki na wasu shekaru, wanda ku dama abinda kuke so kenan.

Ta wajen Mama kuwa kar ku tsaya kuna mata bayani da baki, gani ya kori ji. Ku ɗauke ta ku je makarantar tare, ta ga ɗakin kwanan da idonta, ta ga inda ake ɗiban ruwa, ta gaisa da matiron ta karɓi lambarta. Mahaifiyata sai da akayi mata haka ta saki ranta, daga baya ma ita ke tuna min ranar komawa.

In kazo lissafin kuɗi kar ka tsaya kan kuɗin makaranta kawai, abinda yake karya mutane shine na zama, wato wajen kwana da ciyarwa da kuɗin mota duk hutu da yunifom da littattafai, su ne basa ƙarewa. Shi yasa makaranta mai hostal a gari na kusa sau da yawa tafi wadda ake ce mata mai arha a nesa.

MaiGyaranSola:

Kowa ya tattara kan yarinyar an manta da yaron lol, to ni shi na gani. Babban yaya yaron da yake kwance kayan wuta ya mayar su tashi ba'a cewa baya son karatu, irin karatun da ake bashi ne bai dace da hannunsa ba. Malam yace a duba ko akwai malamin kimiyya, ni kuma nace a duba makarantar fasaha tukun, wadda ake shiga bayan aji uku, ana yin lissafi da Fiziks da Turanci kamar kowa amma rabin lokacin a wokshop ake yi, ya fita da takarda kuma da sana'a, in yaso ya wuce foliteknik ya karanci injiniyan lantarki hanya a buɗe take.

A Jamus da ake ta yabon injinansu ai haka tsarin yake, yaro yana kwana uku ko huɗu na sati a kamfani ɗaya ko biyu a aji, shekara 2 zuwa 3 da rabi, sana'o'i sama da 300 ne a tsarin kuma ana biyansa alawus yana koyo, ba wanda yake masa kallon wanda ya kasa. Kuma aikin hannu shine wanda baya tilasta maka barin garinku, mai digiri a ƙaramin gari in ba koyarwa ko ofishin gwamnati ba ina zai yi aiki, amma sola da famfon burtsatse da wayarin gida da gyaran waya ko ina akwai su kuma masu yinsu da kyau sun yi kaɗan. Kafin nan ko a hutun nan ka haɗa shi da wani mai gyara mai amana ya riƙa zuwa, a wata ɗaya zaka gane ko da gaske yake. Sharaɗi ɗaya, kar ya bar makaranta saboda ya fara ganin 'yan canji, wanda bai iya lissafi ba a wannan aikin iyakarsa ɗaura waya, bazai iya auna batir nawa da fanel nawa gida yake buƙata ba.

BabbanYaya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta wa Mama da ita ƙanwar tawa duka, har ta ɗauko zare tun jiya tana ta ƙirge. Mun tsaya akan zata sake Fiziks ɗin, Mama kuma tace zata je ta gani amma bata yi alƙawarin komai ba tukunna. Tambaya ɗaya Malam, ta sake duka darussan ne ko Fiziks kaɗai, kuma ana haɗa sakamako biyu? Shi kuma yaron ashe akwai makarantar fasaha ta kwana a yankinmu ban taɓa kawo ta a raina ba, zan je in gani.

MalaminKimiyya:

Madalla. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe amma ba duka ba, wasu musamman a kwasakwasan da ake rububi zama ɗaya suke so, don haka kafin kuyi rijista ka samo takardar sharuɗɗan makarantu biyu ko uku da kuke hari ka karanta da idonka, kar ka dogara da ance. Ni dai shawarata ta shiga duka biyar ɗin da ake nema ta zana su da gaske, tunda huɗun tana dasu a kai bita kawai zata yi, in Allah ya taimaka suka fito tare kaga ta samu na zama ɗaya, in kuma wani ya sauka tsohon yana nan bai goge ba. Ka kula sunanta da ranar haihuwarta su zo iri ɗaya harafi da harafi a takardun biyu, wannan ƙaramin abun yana hana yara adimishan duk shekara.

In kaje makarantar fasahar kar ka tsaya a ofis, kace a kaika wokshop ɗin lokacin da ɗalibai suke ciki, ka duba ko injinan suna aiki kuma yara nawa ne akan kowane benci, sannan ka ja ɗalibi ɗaya gefe ka tambaye shi yaushe rabon da suyi firaktikal.